Kwalin da Ban Buɗe Ba

Tun daga kujerar na san akwai abin da ya faru. Shekara biyu da wata huɗu ina aiki a ofishin kago, wato na tura kaya, na Alhaji Sabi'u a unguwar Al Khabaisi ta Dubai, bai taɓa ce mini in zauna ba. Ba mugunta ba ce, haka dai muka saba. In ya kira ni sai in tsaya a bakin ƙofa in rusuna, ya faɗi abin da zai faɗa idonsa na kan waya, in ce to, in koma ɗakin ɗaurin kaya. Amma ranar, wata Talata da hantsi, zafin shekarar 2021 bai gama sauka ba, sai ya jawo kujera da hannunsa ya ajiye mini, ya kuma turo mini shayin karak da aka hawo masa da shi daga shagon Indiyawan da ke ƙasa, ko kurɓa bai yi ba.

"Zauna, 'yata," ya ce.

Na ɗofana a gefen kujerar. A kan teburinsa akwai takardu biyu. Ɗaya sabuwa ce fes, ɗayar kuwa na gane ta tun daga nesa, domin ga dangwalen Baba a ƙasanta da shuɗin tawada.

Sadiya da Habiba, ku nake rubuta wa wannan. Kun ji labarin nan a bakin kowa ban da nawa. An ce muku yayarku ta je Dubai idonta ya buɗe, ta kai aminin ubanta gaban hukuma. Ƙarar kam na kai, ba zan musa ba. Amma ku kuna makaranta lokacin, ba wanda ya zaunar da ku ya faɗa muku mafari. Ni kuma in na tashi faɗa da baki muryata rawa take yi, har yau in aka ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi sai na dafe ƙirji. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Kun san bayan na gama sakandare shekara biyu na yi a gida. Baba da Alhaji Sabi'u tare suka yi yaran shago a Kantin Kwari, kwano ɗaya suke ci, sai Allah ya ɗaga Alhaji ya buɗe ofishin tura kaya a Dubai. Ya ce wa Baba yana neman yarinya mai jin Turanci, domin Hajiyoyin da ke zuwa sari sun fi son mace ta taɓa musu kaya. Kafin in taso aka tara mu a Kwari, a shagon yayan Alhaji, wanda kowa ke kira Alhaji Babba, aka fito da takarda shafi uku, Turanci a sama Hausa a ƙasa. Yawanci maganar wurin kwana ce da tarbiyya, sai sharaɗi biyu a shafin ƙarshe. Na farko ya ce duk kwalin da na sa wa hannu, abin da ke cikinsa yana wuyana ni kaɗai, ba ruwan kamfani. Na biyu ya ce na haƙura da kai ƙarar Alhaji ko kamfaninsa a kowace kotu ko ofishin gwamnati, a can ko a gida. In saɓani ya taso, Alhaji Babba ne zai yanke, kuma abin da ya yanke ya zauna. Na karanta, na kuma gane abin da na karanta, kada ku ce an rufe ni. Amma ina 'yar shekara ashirin, ga dattawa biyar a zaune, ga Baba yana ta godiya. Ya dangwala, na sa hannu, aka shafa fatiha. Da na iso Dubai an sake ba ni wata takardar, ta Larabci da Turanci, wadda ake kai wa gwamnati a yi biza. Alhaji ya ce wannan ta cika ƙa'ida ce kawai, ta gida ita ce ta gaske. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Aikina ba wuya a faɗe. Hajiyoyi su kawo abaya, mayafai, takalma, jakunkuna, ni in zazzage, in ƙirga, in jera a kwali, in ɗora a sikeli, in naɗe da salatif, in rubuta suna da lambar waya da babban alƙalami, sannan in cike fom ɗin da ke faɗin abin da ke ciki in sa hannu. Amma akwai wani irin kaya da muke kira saƙo. Shi saƙo a ɗaure yake zuwa, daga manyan mutane, surukai da aminai da iyayen gida. A watana na farko na sa reza zan farke wani, Alhaji ya shigo ya gan ni. Ya ce ke a gidanku in babba ya ba ki saƙo leƙawa kike yi? Ya ce a tambayi mai shi me ke ciki, a rubuta abin da ya faɗa, khalas, shi ke nan. Kunya ta kama ni har na kasa cin abincin rana. Daga ranar ban sake kai reza kan saƙo ba, kuma a raina ina jin ladabi nake yi.

Kwalin da ya jawo wannan duka na Hajiya Ladi ne, mahaifiyar matar Alhaji. Ba ta zo da kanta ba, direba ya kawo, ita kuma ta turo mini saƙon murya a waya, kamar yadda duk suke yi. Ta ce abayoyi ne na jikokinta da 'yan ɗankwalaye, kada a buɗe mata a yamutsa mata guga. Na ji kwalin ya fi abaya nauyi, na ji. Na ce a raina wataƙila masu duwatsu ne. Na rubuta tufafi, na sa hannu.

Abin da Alhaji ya faɗa mini ina ɗofane a kujerar nan shi ne, na'urar haska kaya ta filin jirgi ta tsayar da kwalin. Da aka farke, an sami batiran waya da gwangwanayen turaren fesawa an naɗe su a cikin abayoyin. Irin waɗannan ba a sa su a jirgi a ɓoye, domin suna iya kamawa da wuta a sama. An aiko wa kamfani takarda a zo a yi bayani, kuma in abin ya yi tsanani lasin ɗinsa na iya tafiya. Ya yi maganar a hankali, har da ce mini kowa na kuskure. Sannan ya turo sabuwar takardar. An rubuta da sunana cewa ni na ɗaure kwalin da hannuna, na san abin da ke ciki, na ɓoye wa kamfani, na saɓa umarnin da aka ba ni na buɗe kowane kaya. Ya ce in sa hannu, ranar Juma'a zai sa ni a jirgi in je gida in huta wata uku, in ƙura ta lafa in dawo. Na ce Alhaji ai ban buɗe ba, kai ka ce kada a buɗe. Sai ya ɗora yatsa a kan tsohuwar takardar, daidai shafin ƙarshe.

"Wannan fa, Zuwaira? Ba ni na rubuta miki suna a nan ba. Ko da sabuwar ko babu, kwalin nan a wuyanki yake, kuma ba inda za ki kai maganar. Ni sauƙi nake nema miki."

Ban san inda dabarar ta zo mini ba. Na ce ya yi mini haƙuri in ji ta bakin Baba tukuna, ban saba sa hannu a abu ba da saninsa ba. Wannan magana ce da Bahaushe ba zai iya hanawa ba. Ya yi murmushi ya ce madalla da tarbiyya, in je in kira shi, gobe da safe sai mu ƙarasa. Daga murmushin na gane ya riga ni kiran Baba.

A tashar bas na kira Baba, bayan la'asar, ina tsaye a 'yar rumfar nan mai sanyi. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce Alhaji ya yi masa bayani, abin ba wani babba ba ne, mutanen can takarda kawai suke so su gani su rufe fayil. Na ce Baba in na sa hannu na ce na sani, suna iya tsare ni a filin jirgin, ba gida zan zo ba. Ina jin hayaniyar Kwari a bayansa, wani yana kiran mai kura.

"Sabi'u ba zai cuce ki ba," ya ce. "Shekara talatin na san shi. Kuma ni na ba da ke amana a gaban mutane, aka yi fatiha. Kada ki sa in kasa ɗaga kai a layin nan."

Na ce to. Wallahi da niyyar sa hannun na hau bas.

A unguwar International City, inda nake kwana, mu huɗu ne a ɗaki, gado sama da ƙasa. Wadda ke ƙasana ita ce Anti Safiya, Bazazzagiya, ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Tana aiki a irin ofisoshin nan da ake buga wa mutane takardun biza da na aiki, don haka kwantiragi ba wanda bai bi ta hannunta ba. Bakinta ba linzami, in ta ga mutum ya yi wauta a take za ta faɗa masa. Ta dawo ta same ni zaune da hijabi ban cire ba, ta ce wa ya mutu? Na miƙa mata wayata, domin na ɗauki hoton takardun biyu lokacin da Alhaji ya fita alwalar azahar. Ta karanta ta Kwari tana taɓe baki, ta ce wannan lauya ne ya rubuta ko mai sayar da atamfa? Da ta zo kan sabuwar sai ta daina wasa. Ta ajiye jakarta ta zauna kusa da ni.

Ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce akwai haƙƙin da doka ta ba ma'aikaci wanda ko shi da kansa ba shi da ikon kyautar da shi, kuma zuwa ofishin ƙwadago yana ciki. Ko sau goma na sa hannu na ce na haƙura, ƙofar a buɗe take. Ta ce takardar da Alhaji ya kira ta cika ƙa'ida, ita kaɗai gwamnati ta sani. Ta ƙara da cewa ana ta maganar za a sake gyara dokar aiki a ƙara toshe irin waɗannan sharuɗɗan na bayan fage. Wannan kam na taɓa ji, domin 'yan kasuwa sun yi musu a kai a ofishinmu wata rana suna cin biryani. Alhaji yana cewa ina ruwan gwamnati da alkawarin da mutum ya yi da yaronsa da yardar iyaye, wani Alhaji ɗan Maraɗi kuma yana tsokanarsa, wai yardar mai jin yunwa ai ba yarda ba ce. Lokacin ina naɗa salatif ina jin su, ban san da ni ake ba.

Amma ni ba doka ce ta riƙe ni ba, kuma wannan ne nake so ku fahimta. Na ce wa Anti Safiya na ji duk, sai dai an yi fatiha a kan takardar nan, Baba ya dangwala. 

"To na ji, an yi fatiha," ta ce. "Ƙanwata, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, kin san akwai batir a kwalin nan?"

Na ce ban sani ba.

"Takardar gobe cewa ta yi kin sani. A cikin dattawan nan biyar, wa ya shafa fatiha a kan za ki yi shaidar zur a kanki?"

 Ta tashi ta ɗora mana taliya, tana mita wai ni da karatuna na sakandare an mayar da ni akuyar layya. Ta tambaye ni ko na goge saƙon Hajiya Ladi. Na ce ban goge ba. Ta ce in tura mata shi yanzu, in kuma tura wa kaina a wani wurin.

Da safe ban je Al Khabaisi ba. Anti Safiya ta nemi izinin rabin yini a wurin aikinta, ta ce yalla, tashi mu je, gara mu riga shi, kada ya je ya ce na gudu daga aiki, domin fasfona yana cikin durowarsa tun ranar da na sauka. A ofishin ƙwadago muka ja lamba muka zauna. Wayata tana ta ruri a jaka, Alhaji ne, sai matarsa, sai Alhaji Babba daga Kano wanda bai taɓa kirana ba. Da aka kira lambarmu Anti Safiya ta finciko ni muka shiga. Na faɗi abin da ya faru, aka rubuta, aka ba ni wata 'yar takarda mai lamba, aka ce za a kira mu duka biyu. Abin bai kai rabin awa ba. Na fito ina mamakin ashe iyakar abin ke nan, abin da aka tara dattawa biyar don a hana ni.

Kwana goma sha ɗaya na yi a ɗaki, ba na fita sai sayen burodi. Baba ya kira sau ɗaya, a rana ta biyu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, ashe haka za ki yi mini? Ya kashe. Umma ce ke kirana a ɓoye in ya tafi kasuwa, ita ta faɗa mini Alhaji Babba ya je har rumfar Baba ya tsaya a waje, bai shiga ba, ya faɗi abin da ya faɗa mutane suna ji. Daga ranar Baba ya daina sallah a masallacin layinsu, yake zagayawa na bakin titi. Kun ga wannan da idonku, ba ku dai san dalili ba. Amincin shekara talatin ya mutu a kaina, kuma har yau in na gaishe shi, lafiya kawai yake cewa. Ban ce bai da hujjar jin ciwo ba. Shi a saninsa mutunci ya ba da jingina, kuma mutuncin ne aka taɓa.

Ranar zaman sulhu Alhaji ya zo da farar jallabiya, bai dube ni ba. Ma'aikaciyar da ta zaunar da mu Balarabiya ce, ba za ta wuce sa'ar Anti Safiya ba. Alhaji ya zaro takardar Kwari ya miƙa mata da hannu biyu, ya yi bayani da Turanci cewa da shaidu aka yi, da uban yarinya. Ta karanta shafin ƙarshe, ta ɗaga kai ta tambaye shi ko an yi rajistar wannan a wurinsu. Ya ce a'a, ta gida ce. Ta ce to ba ta san ta ba, kuma ko da an kawo ba za a karɓa ba, domin ba a rubuta wa ma'aikaci cewa ba zai kawo kuka ba. Ta tura masa abarsa gefen tebur kamar takardar ƙunshin ƙosai. Sannan ta tambayi inda fasfona yake. Kafin azahar direba ya kawo shi. Aka raba ni da aikin a rubuce, aka faɗa mini kwanakin da nake da su in nemi wani aikin ko in koma gida. A bakin ƙofa Alhaji ya tsaya yana gyara hula, ya ce da ni a hankali, Allah ya isa tsakanina da ke. Anti Safiya ta ce amin, Alhaji, Ya isar wa kowa.

Sai dai maganar kwalin ba a hannun wannan ofishin take ba, kuma ita ce ke hana ni barci. Sa hannuna yana kan fom ɗin, wannan ba ƙarya ba ne. Ranar Lahadi aka kira ni wani ofis a ɓangaren kaya na filin jirgi, aka ce in zo ni kaɗai. Anti Safiya ta raka ni har ƙofa ta zauna a waje. A ciki akwai jami'i ɗaya da kwamfuta, ga kwalin a ƙasa a farke, da rubutuna a jikinsa. Sai wani dattijo baƙi mai farin gemu da aka kira ya yi tafinta. Ya yi mini sallama da Hausa, wata irin Hausa ta da, ya ce shi Bahaushen Sudan ne, kakanninsa a hanyar Makka suka tsaya.

Aka tambaye ni wa ya ɗaure kwalin, na faɗa. Aka tambaye ni me ya sa na rubuta tufafi ban duba ba. Nan na rasa yadda zan yi bayani, na ce a wurinmu ba a buɗe saƙon babba. Dattijon ya juya wa jami'in da Larabci, ya daɗe yana magana fiye da abin da na faɗa, yana nuni da hannu, jami'in yana girgiza kai. Na kunna musu muryar Hajiya Ladi, aka sa na maimaita sau biyu, dattijon yana fassarawa har da maganar guga. Jami'in ya ce kuskure ne babba sa hannu a kan abin da ido bai gani ba, jirgi ɗauke yake da rayuka. Na ce na sani yanzu. Ya ce in jira a waje.

Mun fi awa biyu a kan bencin nan. Anti Safiya ta sayo mini ruwa na kasa sha. Ina ta kallon wata ƙofa ta ƙarfe a ƙarshen barandar, na ƙudurta ta nan ake wucewa da waɗanda aka tsare. Ana gab da kiran la'asar dattijon ya leƙo ya yafito ni. Jami'in bai ɗago ba, yana ta bugawa, ya faɗi magana gajeriya.

"Ya ce magana tsakaninsu da kamfani ce, mai lasin shi zai amsa," in ji dattijon. "Ke shaida ce, kin ba da shaidarki. Ba kome bisa sunanki."

Na ce wa dattijon, Baba, in na zo hawa jirgi fa, ba za a tsayar da ni ba?

Ya tambaya, jami'in ya duba kwamfuta, ya girgiza kai, ya ce khalas.

"Ba mai tsai da ke, ɗiyata. Ko yau kika so."

Na ce ya sake faɗa mini. Ya sake faɗa, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. Na yi godiya na juya zan fita, sai na ga ba zan kai ƙofa ba. Na zauna a ƙasa kusa da kwalin, jami'in ya ce a bar ni shwaiya, in ɗan huta. Ina jin dattijon ya buɗe ƙofa yana ce wa Anti Safiya ta shigo ta kama 'yar'uwarta, an gama.